Takardar Koke: Roƙon Zaure na Kwana 14 Domin Baje Kolin Masu Zanen Haɗe-haɗe

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka, mu ne masu zanen haɗe-haɗe da ke zaune a wannan yanki naka, maza da mata, manya da masu tasowa. Mun kawo kukanmu gare ka a kan abu guda: muna so mu riƙa shirya baje kolin ayyukanmu da kanmu, a cikin jama'armu, amma yadda ake ba da aron zauren taro na hukuma bai dace da irin aikinmu ba. Ba kuɗi muka zo nema ba, ba kuma muna so hukuma ta ɗauki nauyin shirin ba ne. Wuri muke roƙo, da lokaci, da izini a rubuce.

Da yake sana'ar ba kowa ya san ta da suna ba, bari mu ɗan fayyace. Mai zanen haɗe-haɗe ba ya tsayawa a kan fenti kaɗai. A kan allo ɗaya za ka ga fenti da gawayi, da yankin jarida da aka liƙa, da ƙyalle da aka ɗinka, da waya, da guntun ƙarfe ko katako. Ba sabon abu ba ne a duniya. Tun 1912 shahararren mai zane Pablo Picasso ya liƙa yankin leda mai zanen saƙar kujera a kan zanensa, ya kewaye shi da igiya. El Anatsui, haifaffen Gana, da marafan kwalba da wayar jan ƙarfe yake haɗa ayyukansa masu kama da manyan mayafai, kuma a 2023 an rataye su a babban zauren gidan baje kolin zane na Tate Modern da ke Landan. Haka kuma shirya baje koli da kai ba raini ba ne ga hukuma. A watan Afrilun 1874 masu zane kimanin 30, cikinsu har da Monet da Degas da Berthe Morisot, suka haɗa kai suka buɗe nasu a tsohon ɗakin aikin wani mai ɗaukar hoto a birnin Faris, suka kwashe wata guda ana shiga ana kallo.

Ranka ya daɗe, kukanmu na farko shi ne na kwanaki. Zaure ana ba da shi ne yini guda, kamar yadda ake ba mai taro: a shiga da safe, a jera kujeru, a kwashe da dare. Baje koli ba ya yiwuwa a haka. Kwana biyu na farko na karɓar aiki ne. Kowane aiki da ya shigo sai an ɗauki hotonsa gaba da baya, an auna shi, an ɗora shi a kan sikeli, an rubuta duk wani tabo ko tsaga ko ɓangaren da ke girgiɗi a takarda kwafi biyu, mai aikin ya sa hannu, mai karɓa ya sa. In ba a yi wannan ba, ranar kwashewa ce ake rigima a kan wa ya karya mene. Ratayewa da saita haske suna cin kwana uku, domin da farko ana jingina ayyukan ne a gindin bango, a yi ta sauya musu wuri har a ga wanne ya zauna da wanne, kafin a taɓa igiya. Sai kwana bakwai a buɗe wa jama'a, yadda ma'aikaci da ɗalibi da mai shago kowa zai samu ranar da ta yi masa. Kwana biyu na ƙarshe na saukewa ne da gyaran zaure. Jimla kwana 14, sau biyu a shekara, kuma muna roƙon a sanar da mu ranakun aƙalla mako 12 kafin lokaci, don kiran masu kawo aiki kaɗai yana bukatar mako takwas.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, shi ne maganar bango. Mun fahimci dalilin da ya sa ake hana buga ƙusa, kuma mai hanawa yana da gaskiya: bangon da aka bar wa kowa ya huda, shekara ba za ta zagayo ba sai ya koma kamar rariya. Amma aikinmu yana da nauyi. Allon filawud mai mita ɗaya tsawo da faɗi, kaurin milimita 12, shi kaɗai ya kai kilo bakwai. A ɗora masa ƙarfe da katako da firam, sai ya doshi kilo 15. Tef mai gam gaba da baya ba ya riƙe wannan. Yakan riƙe na 'yan awoyi, zafi ya sassauta gam ɗin, aikin ya faɗo, ya kuma ɓanɓaro fentin bango ya taho da shi. Jingina shi a kan kujera kuwa, yaro ɗaya ya gifta da gudu an gama.

Maganin da muke roƙon izininsa aikin yini ɗaya ne, sau ɗaya tak. A bar mu mu kafa dogon katako mai faɗin santimita 10 a kewayen zauren, a tsayin mita biyu da rabi daga ƙasa, a ɗaure shi da sukuru da fisha, wato robar da ake cusawa a bango don ta riƙe sukuru, a kowane santimita 40, a shafe shi da fenti kalar bango. Daga jikinsa ake sako waya biyu ga kowane aiki, su kama zobba biyu da ke bayan firam. Biyu muka ce, don waya ɗaya tana barin aiki ya karkace, in kuma ta tsinke babu mai tarewa. Bayan wannan babu wanda zai sake huda bangon, mu ko wasunmu, kuma katakon zai zauna ya amfani duk mai son rataye wani abu a zauren. Tsakiyar kowane aiki tana zama a santimita 150 daga ƙasa, daidai idon mutum a tsaye. Duk abin da ya wuce kilo 20 ba zai hau waya ba; a kan dakalin katako zai zauna.

Ko da katakon, bango ba zai isa ba, ga kuma lissafin. Ayyuka 40, kowanne a ƙiyasta faɗin santimita 80, da tazarar santimita 50 tsakaninsu, suna bukatar bango mai tsawon mita 52. Zaure mai mita 10 da 15 kewayensa mita 50 ne, in aka cire ƙofofi da tagogi da wuya a tsira da 30. Ragowar za mu cike ta da alluna masu tsayuwa da kansu: filawud 10, kowanne santimita 122 da 244, a yi amfani da fuskokinsa biyu, ya ba da kimanin mita 24. Ana haɗa su bibbiyu a kusurwa, ko a jera su a karkace kamar haƙoran zarto, a danne ƙafafunsu da buhunan yashi, domin allo ɗaya a miƙe iska ma tana kayar da shi. Mu za mu saya, mu biya kafinta. Abin da ba mu da shi shi ne inda za mu ajiye su tsakanin baje koli da baje koli, don haka muke roƙon ɗan sito mai makulli a harabar, ko da mita uku da uku ne, muddin rufinsa ba ya yoyo.

Muna jaddada maganar yoyo da laima saboda aikin haɗe-haɗe ya fi kowane zane rauni a nan. Takarda da katako da ƙyalle suna shan laima su kumbura, su bushe su tsuke, ƙarfe da gilashi kuwa ba ruwansu. Idan aka liƙa su wuri ɗaya, ɗaya yana motsi ɗaya yana tsaye, sai allo ya bankare, gam ya saki. Laimar iska da ta fi dacewa ita ce tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100. Da ta zarce 70 ta daɗe a haka, fumfuna ta fara fitowa a bayan aiki inda ido ba ya kaiwa, ƙarfe kuma ya yi tsatsa, tsatsar ta zubo ta ɓata ƙyallen da ke ƙarƙashinta, tabon da ba ya fita. Shi ya sa muke manna ɗan guntun katako mai kaurin santimita biyu a bayan kowane firam don iska ta ratsa, ba ma kuma ajiye komai a kan siminti sai a bisa katako mai tsayin santimita 10. Roƙonmu a nan kaɗan ne: a sa mai kula da gine-gine ya zagaya da wakilanmu kafin a ba mu makulli, a duba rufi da tagogi, a nuna bangon da ke jiƙa don mu kauce masa.

Akwai kuma ƙwari, kuma wannan nauyinmu ne, ba na hukuma ba. Tsohon katako da busasshen ganye da gashin tsuntsu da ake tsintowa sukan zo da baƙi a ciki. Alamar ita ce ɗan gari mai laushi da ke zubowa daga ƙananan ramuka. Duk aikin da aka ga haka a jikinsa ba zai shiga zaure ba sai an ɗaure kayan a leda, an sa su a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda, an bar su sun huce a cikin ledar kafin a buɗe.

Haske ma yana da ƙa'ida. Hasken rana kai tsaye yana cinye launi, jarida kuma ta koma rawaya ta yi ƙaushi, kuma abin da haske ya ci ba ya dawowa. Gidajen adana kayan tarihi suna tsayawa a kan luks 50 ga takarda da ƙyalle, luks 200 ga fentin mai (luks ma'aunin ƙarfin haske ne). Ba mu ce za mu kai wannan daidai ba a zauren jama'a, amma za mu rufe tagogi da farin yadi, mu ajiye ayyukan takarda a bangon da rana ba ta bugu. Fitilunmu 30 ne na LED, kowacce wat 10, jimla wat 300, bai kai abin da dutsen guga ɗaya ke ja ba. Ana karkata kowace fitila kimanin digiri 30 daga miƙe: in ta matso bango da yawa, abubuwan da suka turo daga allo su zubar da doguwar inuwa su rufe na ƙasa, in ta yi nisa, gilashi ya mayar da haske cikin idon mai kallo. Muna roƙon izinin mai wayarin mai lasisi ya ja mana layi guda daga akwatin wuta, maimakon jona soket a kan soket.

Wannan ya kawo mu ga gobara, wadda mun san ita ce fargabar kowane mai riƙe da ginin jama'a, kuma ya kamata ta zama. Kayanmu takarda ne da yadi da katako. Mun ɗauki alkawarin barin hanyar wucewa mai faɗin santimita 120 a ko'ina, yadda mai keken guragu zai bi ba tare da an matsar masa da komai ba. Ba allon da zai tare ƙofa, ƙofofi biyu kuma za su kasance a buɗe muddin akwai mutane a ciki. Babu kyandir, babu fesa fenti ko fesa gam a cikin zaure, babu waya a shimfiɗe a inda ake takawa. Za mu ajiye tukwanen kashe gobara biyu, ɗaya a kowace ƙofa, da mutum biyu masu gadi a kowane lokaci, waɗanda aikinsu har da hana taɓawa cikin ladabi, don gawayi da alli yatsa ɗaya ya isa ya share su.

Sai maganar takardu, ranka ya daɗe. Aron zaure tebur ɗaya ne, manna sanarwa wani tebur, sayar da aiki a wurin kuma wani, kowanne da ranarsa, kuma babu rukunin da aka rubuta baje kolin zane a ciki, sai a rasa ko taro ne ko kasuwanci. Muna roƙon takardar izini guda ɗaya da ta ƙunshi ukun, da jami'i guda da za mu riƙa tuntuɓa. Muna kuma roƙon a yafe mana kuɗin haya ko a sassauta, bisa sharaɗin shiga kyauta ne ga kowa. Idan an sayi aiki, ana liƙa ɗan jan ɗigo a jikin takardar sunansa, ya zauna a rataye har ranar rufewa, a yanka rasit, kashi 10 cikin 100 ya shiga asusun haɗin gwiwa na fenti da fitilu da gyaran zaure. Littafin asusun a buɗe yake ga duk wanda ka wakilta.

Zaɓen abin da za a rataye kwamitin mutum biyar ne daga cikinmu zai yi, ana sauya su kowane zagaye, kuma babu wanda zai zauna a kan hukuncin aikinsa. Ba za mu karɓi abin da ke cin mutuncin wani ko tunzura jama'a ba, ba kuma za a nuna hoton fuskar mutum ba sai da yardarsa. Safiya biyu daga cikin kwana bakwai ɗin mun ware su ga 'yan makaranta, rukuni-rukuni na yara 20, su kalla, su kuma zauna da almakashi da gam da kwali su gwada da hannunsu. Duk abin da ya lalace a zauren ta dalilinmu, mu za mu gyara kafin mu mayar da makulli, asarar aiki kuma ba za mu ɗora wa hukuma ba.

Muna roƙon a ba mu rana mu zo gabanka da zanen tsarin zauren, da samfurin katakon da wayarsa, da aiki biyu ko uku, ka ɗaga su da hannunka ka ji nauyinsu. Idan ka ga dama a fara da gwaji sau ɗaya, a duba zauren bayan mun fita, sannan a yanke shawara a kan na gaba, mun amince.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙo.

Mu ne naka masu biyayya,
Masu zanen haɗe-haɗe na wannan yanki.
Sunaye da sa hannu suna cikin takardar da ke haɗe.