Tsutsar tumatir 'yar faɗa-wuta ce

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan ƙwaron nan da muka raina, faɗa-wuta, mai zagaye fitila da daddare. Na daɗe ina koyar da kimiyya a firamare, kuma yana damuna ƙwarai yadda mutanenmu, har da manoma, ba su san shi ne ke haifar tsutsar da ke cinye musu amfanin gona ba.

Ina ganin dalilin shi ne mun saba da akuya da saniya. Akuya takan haifi ɗa mai kamarta, ta shayar da shi nono, ya girma a gabanta. Haka kusan duk dabbobi masu shayarwa suke: gashi a jiki, ƙashin baya, huhu, jini mai ɗumi. Faɗa-wuta kuwa ƙwai yake sakawa a ganye ya yi gaba. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, ta ci ta ƙoshi, ta ƙudundune cikin kwanso, sannan ta fito da fukafukai. Wa zai ga tsutsa ya ce ita ce za ta tashi sama? Faɗa-wuta ba shi da ƙashi ko ɗaya, ƙafafunsa shida, ta wasu ƙananan kafofi a gefen jikinsa yake numfashi. Nau'insa da masana suka sani sun kai kusan 160,000, alhali masu shayarwa ba su cika 7,000 ba.

Wannan rashin sani ya ci mu a 2016, lokacin da tsutsar da manoma ke kira sharon ta lalata tumatir a Kadawa da Kura, har ya gagari talaka a kasuwar 'Yankaba. Asalinta daga Kudancin Amurka take, kuma ƙwaron da ke saka ƙwanta ɗan ƙarami ne, da dare yake yawo. Kafin manomi ya ɗauko abin feshi, tsutsar ta riga ta shige cikin ganye da 'ya'yan tumatir, inda magani ba ya kai mata sosai. Alhali akwai tarko mai ƙamshin da ke jawo mazajen, wanda ke nuna wa manomi cewa sun iso tun ɓarna ba ta yi nisa ba. Asu ma haka ne, tsutsarsa ce ke huda kayan ulu a adaka, babban ba ya cin komai.

Ban ce duk miyagu ne ba. Zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi, tsutsar wani faɗa-wuta ce ke saƙa shi.

Roƙona, ka buga hotunan ƙwai da tsutsa da kwanso da babban ƙwaron a jere kafin rani ya kama, malaman gona kuma su zagaya da su gonakin Kadawa. A kuma ja wa yara kunne su daina harbin ƙananan jemagu da danƙo, domin su ne ke rage mana waɗannan ƙwari da dare.

Naka,
Malamin firamare mai ritaya,
Gwale, Kano.