A kare 'yan wasanmu daga takardun walicci

Ya Edita,

Rahotannin shari'ar Michael Oher, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, sun sa na ɗauki alƙalami. A 2004, yana ɗan shekara 18, ya sa hannu a takardar da ta ba wasu ma'aurata ikon ƙulla yarjejeniya da sunansa. Ya ce ya ɗauka takardar ɗaukarsa ɗa ce. Sai a 2023 wata kotu a Tennessee ta soke ta.

An tanadi irin wannan walicci ne domin wanda ciwo ko tsufa ya hana shi kula da dukiyarsa. Ɗora shi a kan baligi mai hankali zalunci ne.

Mu ma a Jos, yaro ɗan ƙwallo kan sa wa dillali hannu a takardar wakilci da Turanci, iyayensa ba su san abin da ke ciki ba. Sau da yawa babu wa'adi, albashi kuma yana shiga asusun dillali.

Ina kira ga Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya (NFF) ta ƙi rajistar duk kwantiragin da lauyan ɗan wasan, ba na dillali ba, bai duba ba. Albashi ya shiga asusu mai BVN ɗinsa, wakilci kuma kada ya wuce shekara 2.

Wassalam,
Mai karatu daga Jos