Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya na Kamaru: dattawanmu da wayar da ke hannun jikokinsu

Ranka ya daɗe, sallama da gaisuwa irin ta girmamawa. Daga Garwa nake rubuto muku, kuma maganar tsofaffinmu ce ta sa na ɗauki waya.

Da farko dai a yaba kyauta tukuici. Tun da aka ƙaddamar da shirin lafiya ga kowa, wato CSU, a watan Afrilun 2023, mun ga sauƙi a wajen yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu ciki suna biyan sefa 6,000 a kula da su har su sauka, masu wankin ƙoda ma kuɗinsu ya dawo sefa 15,000 a shekara. Allah ya saka. To amma tsohon da hawan jini ko ciwon suga ya kama fa, shi a wane layi zai tsaya? Maganinsa na kullum ne har ƙarshen rai, kuma daga aljihun 'ya'yansa yake fita, ranar da babu sai ya haƙura, sai dai kawai ka ji an ce wane ya faɗi a bayan gida ɓarin jikinsa ya shanye.

Kuma wallahi ba kuɗi kaɗai ne matsalar ba, akwai raini. Na taɓa raka gwaggona wani asibiti, ita ce mara lafiyar tana zaune a gaban ma'aikacin amma ni yake tambaya me ke damunta, ko kallonta bai yi ba, da ta ce idonta na hazo sai ya ce ai tsufa ne Hajiya. Ashe yanar ido ce, abin da ake cirewa da ƙaramin aiki mutum ya koma yana zura zare a allura. Mu ma a gida haka muke, tsoho ya ce gwiwa ko kunne sai mu ce shekaru ne Baba, a yi haƙuri. Rahoton da hukumar lafiya ta duniya ta fitar a 2021 ya ce mutum 1 cikin 2 a duniya na da irin wannan kallon ga tsofaffi, kuma cikin hanyoyin da rahoton ya ce suna rage shi akwai haɗa yara da manya su yi hulɗa. To mu nan ai ba sai an gina wani waje an haɗa su ba, gida ɗaya suke kwana, jika da kaka.

Abin da nake roƙo kenan ranka ya daɗe. A kowace unguwa, ta hannun jauro ko lawan, a zaɓi samari da 'yan mata, 'yan makaranta ko waɗanda suka gama suna zaune, a koya musu awon hawan jini da ɗan na'urar nan mai batir da ake ɗaurawa a damtse, su riƙa zagaya dattawa duk sati suna tura sakamakon ta waya ga ma'aikacin lafiya na yankin. Hukumar lafiya ta duniya ma tana da manhaja mai suna ICOPE da aka yi don duba tsofaffi, gani da ji da tafiya da cin abinci da mantuwa da damuwa, ba sai mun ƙirƙiro sabo ba. Sai dai don Allah saƙon da zai je wa tsoho ya zama na murya, da Hausa da Fulatanci. Kakata ba ta karanta Faransanci, kwalin magani jikarta ke karanta mata, amma saƙon murya na WhatsApp ta iya shi sarai, kuma ita ta koya wa yarinyar dabarar da ta fi ƙararrawar waya: ƙwaya ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan isha'i, ba ta taɓa tsallakewa tunda ba ta tsallake salla.

Shi ya sa nake cewa kada a tsara abin kamar yara ne malamai tsofaffi kuma 'yan kallo, in aka yi haka rainin ne zai dawo ta bayan gida. Yaron da ya zauna awon jini zai tashi da tarihin unguwa, da yadda ake jinya, da yadda ake yi wa babba magana, shi kuma tsohon ya samu abokin hira, wanda kansa magani ne.

Akwai kuma gaggawa, domin wayar nan in ba mu yi amfani da ita ba wasu na yi. Kullum ana turo muryoyin masu maganin da wai ke warkar da suga cikin kwana kaɗan, tsoho ya yarda ya ajiye na likita. Ga 'yan damfara masu kira su ce a karanto musu lambar sirri ta asusun kuɗi na waya, Orange Money ko MoMo, kuɗin maganin da ɗa ya turo daga Duwala ya tafi kenan.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 don lafiyar tsofaffi, kuma 1 ga Oktoba ranarsu ce. Maimakon jawabi da rabon sabulu, a gwada wannan ko da a unguwanni kaɗan na Garwa da Marwa da Gaundare, a fara kafin zafin Maris da Afrilu, lokacin da ya fi kayar mana da dattawa.

Na gode, a huta lafiya.

Wani ɗan Garwa