Kada mu sallami ɗan'uwa da "ka yi haƙuri" kawai

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana 'yan Arewa mazauna Legas, musamman samarinmu 'yan ci-rani na Agege, Mile 12, Obalende da Idi-Araba. Tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022 yara da yawa suka shiga wani hali, an kama mashin, mai mashin na bin kuɗinsa, ga gida ana ta kira a turo na abinci, shi kuma kunya ba ta barinsa ya ce babu.

Irin wannan yaro da wuya ya fito fili ya ce zai kashe kansa. Sai dai ka ga ya daina zama majalisa, mai shayi ya ce kwana biyu bai gan shi ba, ba ci ba barci, yana bin mutane yana neman gafara alhali ba tafiya zai yi ba, ya kyautar da wayarsa, kullum maganarsa "ni dai na gaji, gara in huta". Mu kuma sai mu ce ka yi haƙuri, ko mu hau shi da wa'azin wuta. Wallahi ya san haramun ne tun yana makarantar allo. Ciwon damuwa cuta ce, kuma tana da magani.

Ka ja shi gefe ka tambaye shi kai tsaye, ɗan'uwa kana tunanin kashe kanka ne? Likitoci sun tabbatar tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. In ya ce e, ka saurare shi ba faɗa ba gori, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki, a kwashe maganin ƙwari da ƙwayoyi daga wurin, ai saboda wannan matsalar hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwa a 2019. In abin ya yi tsanani a kira lambar gaggawa 112 ko 767. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, nan a Idi-Araba kusa da mu, suna da shirin SURPIN na taimakon masu tunanin kashe kansu, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. A yi addu'a, a kuma raka shi ya ga likita.

Ina roƙon limamanmu da sarakunan Hausawan Legas su sa maganar nan a huɗuba da zaman fada, don yaran nan sun fi jin taku.

Naku,
Wani mazaunin Agege, Legas