Kwamfutocinmu Lafiyarsu Ƙalau, Amma An Yanke Musu Wa'adi Daga Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ɗan ba mu fili a wannan jarida mai farin jini. Mu masu gyara ne da kula da kwamfutoci a makarantu, ɗakunan shan magani da shagunan buga takardu a yankin Ringim, Taura da Gumel, kuma akwai maganar ƙarewar wa'adin Windows 10 da ta daɗe tana yawo a tsakanin 'yan sana'armu wadda ya kamata shugabannin makarantu da masu shaguna su ji da Hausa.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da yake turawa duk wata. A wannan rana kuma ya daina tura wa Office 2016 da Office 2019 nasu gyaran. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi, za ta buga takarda kamar jiya. Abin da ya canza shi ne duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano daga ranar, ba mai toshe ta. Wanda ke ganin wasa ne ya tuna 2017, lokacin da muguwar manhajar nan WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin Ingila har aka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Kafar da ta bi an riga an fitar da maganinta, waɗanda ba su sa ba ne suka sha wuya. To ina ga wanda maganin ma ba za a aiko masa ba?

Kamfanin ya ce a koma Windows 11. A nan gizo ke saƙar. Windows 11 tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da RAM gig 4, da ma'ajiya gig 64, sannan idan furosesan Intel ne sai ya kasance zubi na takwas ko sama. Gane zubin ba wuya: a duba lambar farko bayan ɗan layin. i5-6300U zubi na shida ne, i5-8250U na takwas. Yanzu a shiga kowane kafe ko ofishin makaranta daga Babura zuwa Jahun a duba abin da ke kan tebur. HP EliteBook 840 G3 ne, Dell Latitude E7470 ko E6430, ThinkPad T460, na hannu da aka saro daga Beirut Road ko Farm Centre a Kano. Ba ɗaya a cikinsu da ta cika sharaɗin, alhali idan aka sa musu ma'ajiya mai sauri ta SSD da RAM gig 8 za su yi shekaru suna aiki ba tari.

Akwai ƙarin wa'adi na kuɗi. Mutum shi kaɗai zai iya samun shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko kyauta idan ya yarda ya ɗaure kwamfutarsa da asusun Microsoft. Kamfani ko ma'aikata kuwa dala 61 ne kowace kwamfuta a shekarar farko, 122 a ta biyu, 244 a ta uku. Mai shagon da ke da kwamfuta goma ya lissafa da kansa, ya tuna cewa kafin Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, a 2024 kuma ta haura 1,500.

Da kuɗin ne kawai, da an yi ƙorafi an haƙura. Abin da ya zubar da amana ya fi haka. Sabuwar Windows 11 ba ta son ka gama ɗora ta sai ka haɗa da intanet ka shiga asusun kamfanin, kuma dabarun da masu gyara ke bi su tsallake wannan mataki ana ta toshe su ɗaya bayan ɗaya. A garin da sai ka fita bakin titi kafin sabis ya kama, wannan ba ƙaramin wulaƙanci ba ne. Sigar Windows 11 ta 24H2 kan kulle ma'ajiya da kanta da makullin da ake kira BitLocker, ta ajiye mabuɗin mai lamba 48 a asusun. Ranar da kwamfutar ta ƙone aka ciro ma'ajiyar don ceto takardu, idan mai ita ya manta kalmar sirrin asusun da yaron shago ya buɗe masa, shi ke nan, sakamakon ɗalibai na shekara uku ya tafi. A 2024 suka sanar da Recall, manhajar da ke ɗaukar hoton allonka kowane 'yan daƙiƙu tana tarawa, sai da masana tsaro suka yi ca sannan aka ɗage ta aka sake mata gini. A shekarar ne kuma kwamitin gwamnatin Amurka mai binciken kutsen intanet ya fitar da rahoto kan yadda aka shiga akwatunan imel na manyan jami'ansu a 2023, ya ɗora laifin kan sakacin tsaro na kamfanin. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Lasisi ba mallaka ba ne, mai kaya yana iya canza sharaɗi ranar da ya ga dama.

Mu ma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Akasarin Windows da Office da ke yankinmu ba a biya ko sisi a kansu ba. Kirak ake sa musu, wato manhajar karya lasisi, kuma kafin kirak ya zauna sai an kashe manhajar tsaro. Wato ka buɗe ƙofa da hannunka ka ba wa wanda ba ka sani ba ikon komai a kwamfutar da ake shigar da lambar NIN da BVN ta jama'a. Dokar kare bayanai ta 2023 ba ta ware ƙauye ba. Masu amfani da Rufus, manhajar zuba tsari a fulash, su cusa Windows 11 a tsohuwar kwamfuta su ma su sani kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko musu gyara ba. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Shawararmu ita ce manhajojin da ake kira buɗaɗɗu, waɗanda kowa ke da damar duba yadda aka rubuta su, ya kwafa, ya raba, ba lasisin biya. Ba baƙin abu ba ne. Android da ke aljihun kowa a kan Linux aka gina ta, wato buɗaɗɗen tsarin da ke iya zama a gurbin Windows. DHIS2 da jami'an lafiya ke shigar da alƙaluman wata-wata a cikinta buɗaɗɗiya ce, daga Jami'ar Oslo ta fito. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 za ta kwashe kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 zuwa Linux da LibreOffice, buɗaɗɗiyar madadin Office. Amma birnin Munich ya taɓa yin irin wannan ƙaura, a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Don haka kada wani ya ce muku abu ne na dare ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da goge Windows. A'a. A fara da ɗora LibreOffice da Firefox a kan Windows ɗin da ake da ita, a bar sakatare da malamai su yi wata guda suna aiki da su. A nan ne matsalolin gaskiya za su fito. Ta farko, takardar Word ta buɗe layuka sun goce, shafi biyu ya zama uku. Dalili kusan kullum salon haruffa ne: an rubuta ta da Calibri ko Cambria, su kuwa na Microsoft ne. A sa Carlito da Caladea, faɗin haruffansu daidai yake da na waɗancan, kamar yadda Liberation Serif ke zama a gurbin Times New Roman, Liberation Sans a gurbin Arial. Ta biyu, a shiga saitin ajiya a sa ya riƙa ajiyewa a docx da xlsx muddin ana musayar takardu da sakatariyar ƙaramar hukuma, abin da kuma ba gyara za a yi masa ba a tura shi a PDF. Ta uku ita ce mai wuya: jadawalin Excel da wani ya cusa wa makro, wato 'yan umarnin da ke aiki da kansu, don lissafin albashi ko jarrabawa, wani zai yi aiki, wani ba zai yi ba, sai an gwada ɗaya-ɗaya. Fayil ɗin Access, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, kuwa kada ma a sa rai.

Idan wata ya cika ba kuka, sai a zo kan Linux. Muna ba da shawarar Linux Mint, sigar Xfce marar nauyi ga mai RAM gig 2 zuwa 4, Cinnamon ga mai 8. Jerin Mint 22 yana da gyaran tsaro har 2029. Fayil ɗin ya kusa gig 3, a sauke shi sau ɗaya inda sabis ke da ƙarfi, a zuba a fulash mai gig 8 da Rufus ko Ventoy, fulash ɗaya ya ishi gari guda. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin a taɓa komai a kwashe takardu zuwa wuri biyu daban, a buɗe wasu daga cikin kwafin a tabbatar suna buɗuwa, a rubuta mabuɗin BitLocker a takarda idan akwai. Sannan a kunna kwamfutar ana danna F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, a zaɓi fulash. Mint za ta tashi daga fulash ɗin ba tare da ta taɓa abin da ke ciki ba. A nan za a gwada wayfay, sauti, kyamara, da uwa uba firinta.

Firinta ce ke kunyata mai gyara a gaban mai shago. Yawancin HP LaserJet suna kamawa da kansu. Amma 1018 da 1020, waɗanda suka cika shagunanmu, ba sa ajiye manhajar cikinsu, sai kwamfuta ta tura musu duk lokacin da aka kunna, don haka dole a sauke ƙarin fayil ta HPLIP, manhajar firintocin HP a Linux, sau ɗaya da intanet. In ba haka ba za ka ga an gane firintar, ka tura aiki, ta yi shiru. Canon LBP2900 kuwa tana da taurin kai sosai, wanda rayuwar shagonsa ke kanta ya bar wa kwamfutarta Windows. Wayfay na Broadcom a tsofaffin HP da Dell shi ma ba ya tashi da farko. A jona waya da kebul a ba kwamfutar intanet ta nan, a buɗe manajan direba a ɗora nasa. Idan mai ɗorawa ya ce bai ga ma'ajiya ba, musamman a Dell, a shiga BIOS da F2 a mayar da SATA daga RAID zuwa AHCI, amma a sani yin hakan na iya hana tsohuwar Windows tashi. Wanda zai bar Windows da Linux a kwamfuta ɗaya ya kashe saurin tashi na Windows, domin shi ne ke barin ma'ajiyar a rabin barci har Linux ta kasa rubutu a kanta.

Sai wuta. Kada a fara ɗorawa a kan laftof mai mataccen batir ana dogaro da KEDCO ko janareta mai shaƙewa. Aikin minti 20 zuwa 30 ne a SSD, a yi shi a kan inbata ko sola da rana tsaka. Da an gama a kunna manhajar Timeshift ta ajiye kwafin tsarin, ranar da wani abu ya lalace a koma baya cikin minti kaɗan. Wani daɗin kuma, Mint ba ta sauke sabuntawa sai ka ce mata ta yi, ba za ka wayi gari datar wata ta ƙare ba. Bairos ɗin nan mai mayar da fayilolin fulash gajerun hanyoyi ba ya aiki a kanta, har ma za ka ga takardun da ya ɓoye ka kwaso wa mai su. Sai dai ka goge shi daga fulash ɗin, kada ka mayar wa mutum da cutarsa. Masu rubutu da Hausa kuma su ƙara allon rubutu na Hausa a saiti, ƙ da ɗ da ɓ suna nan, haruffan Noto da DejaVu na nuna su daidai.

Akwai inda ba mu ce a taɓa ba. Mai zana katin biki da kalandar siyasa da CorelDRAW, ba ta aiki a Linux. Inkscape na buɗe wasu fayilolinta amma yakan ɓata rubutu da launi, kuma madaba'ar Kano fayil ɗin cdr na CorelDRAW za ta nema. Haka duk kwamfutar da aka jona wa na'urar ɗaukar hoton yatsa ko manhajar da wata hukuma ta bayar don rajista ko jarrabawa, a tambayi hukumar tukuna. Irin wannan a ware mata kwamfuta guda mai lasisi na gaskiya. Idan tsohuwar Windows 10 ce dole, a cire ta daga intanet, a hana cusa mata kowane fulash. A makarantar da ke da kwamfuta 20, da wuya waɗanda ke buƙatar Windows da gaske su wuce biyu ko uku.

Ragowar maganar ta hukuma ce. Jigawa ta riga jihohi da yawa shiga harkar nan tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, ga cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamido a Kafin Hausa, shugaban hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa NITDA ma, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne. Muna roƙon ma'aikatar ilimi ta sa a ƙirga kwamfutocin makarantu a ware waɗanda ba za su ɗauki Windows 11 ba kafin wani ɗan kwangila ya rubuta cewa sun mutu. A tura ɗaliban Kazaure masu neman wurin koyon aiki su yi wannan ƙaura ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, duka 27, kowace makaranta a koya wa malami ɗaya. Sannan duk manhajar da gwamnati za ta biya a rubuta mata daga yanzu, a sa a cikin takardar kwangila cewa dole ta yi aiki ta burauza, kowace irin kwamfuta mutum yake da ita.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu gyara da kula da kwamfutoci,
Ringim, Taura da Gumel, Jihar Jigawa.