Doki Bai Gama Aiki Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, na rubuto ne game da shirinku na makon jiya a kan hawan sallah, inda wani baƙonku ya ce a wannan zamani doki ya zama kayan ado kawai, mota da babur sun raba shi da aiki. Shirin ya yi mini daɗi, har ya tuna mini da bargar kakana da ƙamshin harawa da la'asar. Sai dai maganar nan guda ta tsaya mini a rai, domin a jihar Montana ta Amurka, inda nake zaune, na ga wurin da idan babu doki da alfadari aiki ya tsaya cak.

Dalilin kuwa doka ce. A watan Satumba na 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta keɓe wasu dazuzzuka domin a bar su yadda Allah ya halicce su. A cikinsu ba a yin titi, ba a shiga da mota ko babur, ko keke ma an hana, kuma ba a tayar da inji, har da zarton inji na yankan itace. Mutum ya shiga da ƙafarsa ko a bayan dabba. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare shi ne dajin Bob Marshall da ke nan Montana, mai faɗin sama da eka miliyan ɗaya, duwatsu ne da koguna da itatuwa masu tsawon gaske. Abin da ke ratsa shi ƴan siraran turbobi ne, faɗinsu bai wuce na dabba ɗaya da kayanta ba.

Turba kuwa ba ta riƙe kanta. Dusar ƙanƙara tana rufe duwatsun nan wata da watanni, idan ta narke sai ruwa ya zaizaye hanya, ya kwashe ƴan gadojin katako. Ga gobarar daji da ƙwaron da ke cin ɓawon itace, suna kashe itatuwa a tsaye, iska ta zo ta kayar da su a kan hanya. A 2013 hukumar gandun daji ta ƙasar tana da turbobi kimanin mil 158,000 a hannunta, kuma wani binciken gwamnati na shekarar ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke cikin yanayin da ya kamata. Ma'aikata ba su isa ba, kuɗi ma haka.

A nan ne mahayan sa kai suka shigo. Ƙungiyarsu, Back Country Horsemen, ta samo asali a 1973 a kwarin Flathead da ke nan Montana, lokacin da masu dawakai suka ga alamar za a taƙaita musu shiga dajin Bob Marshall saboda ƙorafin cewa dabbobinsu na ɓata wuri. Abin da ya burge ni shi ne ba su tsaya ga kuka da rubuta takardar koke ba. Sun amince akwai gaskiya a ƙorafin, suka shiga koya wa junansu yadda za a shiga daji da dabba ba tare da ɓarna ba, suka kuma ɗauki gyaran hanya a wuyansu. Yau ƙungiyar ta bazu a jihohi da dama. Mu a gida da mun kira wannan aikin gayya, sai dai a nan babu mai gona da zai dafa wa kowa tuwo. Kowa da dokinsa, da man motar da ta jawo shi zuwa bakin daji, da guzurinsa.

A watan Yulin bara wani dattijo maƙwabcina, wanda ya ji ina yawan zancen dawakan gida, ya ce in biyo su. Kwana huɗu muka yi. Tun kafin gari ya waye ake ɗaurin kaya, kuma a nan na fara ganin ilimin abin. Ana naɗe kaya cikin tamfol, a auna kowane ƙunshi da sikeli, domin idan gefe ɗaya ya fi nauyi, akumari zai karkace ya yi wa alfadari miki a baya. Duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san wannan. Aka jera alfadarai biyar, ragamar kowanne a ɗaure da na gabansa da siririyar igiya wadda aka yi ta don ta tsinke, saboda idan ɗaya ya zame a gefen dutse kada ya ja sauran. A bayansu akwai gatura, da shebur, da wani makami mai baki biyu, gefe gatari gefe fartanya, da kuma dogon zarto na mutum biyu da ya kai tsawon mutum.

Zarton nan shi ne zuciyar aikin. Mun iske wani gungume ya gitta hanya, kaurinsa ya kai ƙuguna. Kafin a taɓa shi sai da dattijon ya zagaya shi sau biyu yana duba inda nauyi ya danne da inda zai zabura idan an yanke, don itacen da ke a lanƙwashe yana iya karya ƙafar mutum. Sannan mutum biyu suka kama, kowa ja kawai yake yi, ba a turawa, ana buga ƴan ƙarafa a cikin tsagin don kada ya matse zarto. Na karɓi gefe ɗaya na kusan rabin awa. Da gungumen ya rabu muka mirgina shi gangare, ba ka jin komai sai kukan ruwa da numfashin dawakai. Zarton inji zai gama wannan cikin minti biyu, kuma akwai masu cewa a sassauta dokar tunda itatuwan sun yi yawa. Na fahimce su, hannuna ya shaida wahalar. Amma ni ina bayan dokar, domin duk dajin da aka fara shigar masa da inji ɗaya saboda lalura, gobe wata lalurar za ta kawo na biyu.

Sauran aikin ba shi da armashi amma shi ne ke tsare hanya: a kwantar da itace ko duwatsu a karkace don ruwan sama ya bi gefe, a yashe magudana, a sare rassan da za su fizge mahayi.

Wajen kwana ma akwai ladabinsa. Ba a ɗaure doki a jikin itace ya kwana, domin zai tone saiwa da kofato ya ci ɓawo. Ana miƙa doguwar igiya a sama tsakanin itatuwa biyu, da faffaɗan ɗamara don kada ta yanki ɓawo, a ɗaure dabbobi a jikinta nesa da bakin rafi. Ingiricin da ake shiga da shi dole ya zama mai shaidar cewa babu irin muguwar ciyawa a ciki, tunda iri yakan fita ta kashin doki ya tsiro ya kore ciyawar wurin. Abinci kuma a rufe shi cikin akwatin da beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai ƙarfi, ba za ta iya buɗewa ba. Da safe aka baje kashin dabbobi, aka rufe inda kofato ya tona, muka tashi kamar ba a kwana a wurin ba. Har yanzu akwai matafiya a ƙafa da ke jin haushin dawakai saboda taɓo da kashi a hanya, kuma ba duk mahayi ne ke kiyaye ƙa'ida ba. Amma mun haɗu da wasu samari biyu da jakunkuna a baya, suka tsaya suka yi godiya, suka ce jiya sun haure itatuwa har sun gaji.

A kan hanyar dawowa tunanina ya tafi gida, ga burtalin da ya bi ta bayan garinmu, wanda gonaki suka yi ta cinsa taku bayan taku har ya ɓace, babu wanda ya ɗauke shi nasa balle ya tsare shi. Muna da masu dawakai da yawa a Kano da Katsina da Zariya da Damagaram, samari masu kilisa kowace yamma, kuma sun san dabba fiye da yawancin waɗanda na gani a nan. Na san halin da dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku ke ciki, ba zan ce kowa ya hau doki ya nufi can ba. Amma hanyoyin shanu da na ƙafa da ke kusa da gari suna nan suna jiran mai kula.

Roƙona, Malam Edita, ku sake gayyato baƙon nan naku, ku haɗa shi da wani shamaki ko shugaban ƙungiyar mahaya, da ardo guda, ku tambaye su inda burtalin garinsu ya bi, da wanda ya taka shi na ƙarshe.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
daga Misula, jihar Montana