Koke Kan Gwajin Digoxin a Jinin Masu Ciwon Zuciya

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Filato, Jos.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu mazauna Gangare, Unguwar Rogo da Rikkos ne, masu jinyar iyaye da 'yan'uwa da zuciyarsu ta gaza: tsofaffin da hawan jini ya cinye, da masu jego da ƙafafu suka kumbura bayan haihuwa, numfashi na yi musu sama-sama.

Da yawansu likita ya ɗora su kan digoxin, ƙwayar nan 'yar mitsitsiya da ake sha sau ɗaya a rana. Tana taimako, ba mu musa ba. Sai dai tsakanin amfaninta da illarta tazarar ba ta da yawa. Likitoci na son ta tsaya tsakanin nanogiram (wani ɗan ƙanƙanin ma'aunin nauyi) 0.5 zuwa 0.9 a kowace mililita ta jini. Idan ta haura 2, haɗari ne. Ƙoda ce ke fitar da ita, don haka tsohon da ƙodarsa ta yi rauni sai ta taru masa a jiki. Ga kuma Lasix, maganin sa fitsarin da ake haɗa musu, yana zubar da sinadarin fotasiyam, ƙarancinsa kuwa na ƙara wa digoxin dafi.

Mun gani a gidajenmu. Dattijuwa ta ƙi tuwo, tana ta amai, tana cewa komai ya koma ruwan ɗorawa a idonta, bugun zuciya ya yi ƙasa. Wani ya ce shawara ce, wani ya ce zazzaɓi, a ci gaba da ba ta ƙwayar. Katin da ya shekara ake kai wa mai kemis a sake saya. Idan likita ya rubuta gwajin yawan digoxin a jini, kuɗin ɗakin gwaji mai zaman kansa ya fi ƙarfin talaka.

Muna roƙon a samar da wannan gwaji a asibitocin gwamnati na cikin Jos, tare da na ƙoda da na fotasiyam, a kuma sanya su cikin inshorar PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha. A riƙa gaya wa mai jinya cewa ba a ɗibar jinin sai bayan awa 6 da shan ƙwayar, domin wanda aka ɗiba da wuri lissafinsa ba ya fitowa daidai. Masu kemis kuma a ja musu kunne kan sayar da digoxin ba sabuwar takardar likita.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya.

Mu ne,
Masu jinyar marasa lafiyar zuciya, Jos ta Arewa.